Ranar da ƙusar Fijo ta zaunar da ni a baƙin mai

Har yanzu akwai baƙin mai a bayan kunnena na dama, saboda haka gara in rubuta wannan tun kafin labarin da yaran layinmu ke bazawa ya zama shi ne tarihi. A nasu ƙaulin, wai sai da na tashi sama, na wuntsila, sannan na faɗo. Ƙarya suke yi. Ban wuntsila ba.

Motar ta marigayi mahaifinmu ce, Peugeot 504, irin wadda aka harhaɗa a nan Kakuri, maƙwabtanmu. Ranar rabon gado da aka zo kanta kowa ya sunkuyar da kai, sai ta faɗo hannuna. Ta yi zafi a hanyar Zariya, lagireto ya tafasa, da safe na zaro sandar duba mai na ga baƙin mai ya koma fari-fari. Ruwa ya haɗu da mai ke nan, fakin tof silinda ya ƙone. Bakaniken da na kira ya leƙa, ya faɗi kuɗin aiki, na tambaye shi ko har da sabuwar mota a cikin lissafin. Ni fa malamin kimiyya ne a sakandare. Kowace shekara sai na zana inji a kan allo, fistin na hawa yana sauka, yara na kwafa. Na sallami bakanike, na sayo sifanu, na shimfiɗa buhu a ƙofar gida gindin mangwaro, na ɗaga bonet.

Farkon aikin ya tafi sumul, kuma ina so a rubuta wannan a ajiye. Na tsiyaye baƙin mai a wani tsohon bahon wanki na ture shi gefe. Manyan ƙusoshi goma da ke danne da tof silinda na sassauta su bi da bi, daga gefe zuwa tsakiya, don kada kan ya lanƙwashe. Na kuma san sirrin injin 504: ramukan fistin ɗinsa silif ne da ake zurawa cikin bulok ɗaya-ɗaya, ruwa na zagaye su. In ka ɗaga kan injin sama kai tsaye, sai su manne masa su taso, abin da ke tare ruwa a gindinsu ya tashi aiki, ka jawo wa kanka sauke inji gaba ɗaya. Sai an fara gurgusa kan gefe ya rabu da fakin, sannan a ɗaga. Haka na yi, tsaf. Ko akuya ba ta gifta ba a lokacin. Duk abin da na yi daidai a wannan aiki, ba ni da shaida ko ɗaya.

Da na ajiye kan injin a buhu sai idona ya sauka kan ƙananan ƙusoshin da ke riƙe bakin salansa. Su waɗannan ba su da kai: zare sama, zare ƙasa, rabi a nutse cikin alminiyom, rabi a waje ana ɗaura masa noti. Tsatsa ta cinye bakin zaren guda ɗaya, shi ya sa motar ke fut-fut tun Baba na da rai. Na ce tunda an buɗe, a sauya su duka. Dabarar sananniya ce: ka ɗaura noti biyu, ka matse su da juna har su kulle, ka sa sifana a na ƙasan ka juya, sai ƙusar ta biyo. Sauran kuwa suka biyo, suna kuka suna fitowa. Ta ƙarshe, ta can baya, ta ce ba inda za ta.

Tana da hujjarta, ni ma ina koyar da ita a aji. Ƙarfe da alminiyom in suka daɗe a manne, ga danshi ga zafin salansa, alminiyom ɗin yakan zagwanye ya zama wani farin gari, garin kuma ya fi asalin ƙarfen cin wuri, sai ya cika zaren ya shaƙe ƙusar ta ko'ina. Wannan ƙusa tun da wani bawan Allah ya ɗaura ta a Kakuri ba wanda ya sake taɓa ta. Duk shekarun nan shirin haɗuwa da ni take yi.

A nan ne Baba Injiniya ya jawo kujerarsa ta roba.

Dattijo ne, katangarmu ɗaya, ya san mahaifina, shi ya sa ba ya kirana sai Ɗan Alhaji. Duk layin Injiniya ake ce masa, domin tun da aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin a 1975 yake can har ya yi ritaya. Kirarinsa ɗaya ne, kuma kullum da hannun dama a sama yake yin sa: "Babu motar da ta fita daga Kakuri ba ta bi ta hannun nan ba." Yakan ƙara da cewa Faransa da ta fito da 504 a 1968 ta gaji ta daina yin salun ɗinta tun 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har aka shiga shekarun 2000. Wannan gaskiya ne. Mutum in ya faɗa maka gaskiya ɗaya mai kwanan wata, sai ka saki jiki da sauran.

Ya gyara hula, ya leƙa ƙusar ta saman tabarau.

"Ɗan Alhaji, me ka zuba mata?"

"Man birki, Baba. Da kananzir."

"Man birki na Toyota ne. Fijo ba ta sha. Aika a sayo Coca-Cola. Ta kwalba, ba ta roba ba. Mai sanyi."

Na buɗe baki zan yi gardama, sai na tuna akwai ɗan asid a cikinta da ke cin tsatsa. Kimiyya ta goyi bayansa. Na aiki ƙanin matata da ke zaune wurinmu yana karatu. Baba Injiniya ya karɓi kwalbar, ya kurɓa don ya tabbatar ba jabu ba ce, ya sake kurɓa don kurɓar farko ba ta gamsar da shi ba, sannan ya ɗiga wa ƙusar abin da bai cika murfin kwalbar ba. "In ta yi yawa ta lalata zare," in ji shi. Sauran ya shanye don kada a yi almubazzaranci. Da gari ya waye ƙusar na nan yadda take, sai dai duk kiyashin Barnawa sun hallara a kanta.

Bai yi mamaki ba. Ya ce Coca-Cola ta yanzu ba irin ta da ba ce. Ya ce a kawo manja, amma wanda ya yi barci. Matata ta ba da cokali ɗaya tana kallona. Kiyashi suka samu miya.

Bayan manja sai ya zuba mini ido ina ja, can ya ɗaga hannu. "Tsaya, tsaya. Ta ina kake juyawa?"

"Hagu, Baba. Hagu ake kwancewa."

"Shi ya sa! Yaushe muka koma tuƙin hannun dama a ƙasar nan?"

"1972."

"Yaushe aka buɗe Kakuri?"

"1975."

"To."

Ya jingina da kujera, ya bar ni in haɗa lissafin da kaina. Na ce masa ai 'yan'uwanta duk ta hagu suka fito. Ya ce waɗancan wani ɗan bana-bakwai ne ya canja su, wannan ita ce ta asali. Ban yarda ba, amma da ya tashi alwala na ɗan gwada dama a ɓoye. Kanikawa ma suna yin haka, su ɗan ƙara matse ƙusa don ta saki, saboda haka ba don maganarsa na yi ba.

Sai batun wuta. Nan ma yana kusa da gaskiya, shi ya sa yake da haɗari. Alminiyom in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa, don haka in ka ɗumama kewayen ƙusar, ramin kan ɗan saki. Amma shi Baba Injiniya ba ɗumi yake nufi ba. Cewa ya yi a hura gawayi a ɗora kan injin ɗungurungum, a yi ta fifita sai ya yi ja. Na ce Baba, alminiyom ba ya yin ja a idonka, yana kaiwa digiri 660 sai dai ka ga ya zube ya zama ruwa. Ya dube ni da tausayi.

"A littafi ke nan."

Wannan ita ce amsarsa ga komai, kuma har yau ban samo maganinta ba. Ka kawo masa lissafi, ka kawo masa zane, ka kawo masa bidiyon wani Bature a Amurka yana yi a garejinsa mai fanka: a littafi ke nan. Muka sasanta a kan tafasasshen ruwa da kyandir. Na kwarara ruwan, na goga kyandir ya narke a gindin ƙusar, na buga mata guduma a ka. Ta sha ruwa, ta sha kyandir, ta sha duka, ta yi zamanta.

Bayan sallar isha na fito da tocila in rufe kaya, na tarar da shi tsugune gaban kan injin. Ya ce in haska masa. Ya ce Turawan da suka koya musu aiki ba sa yi wa ƙarfe dole, lallashinsa suke yi, kuma Fijo ba ta jin Hausa. Ya matsa kusa da ƙusar ya yi mata wasu maganganu ta hanci, a hankali, ya ce Faransanci ne. Ya ce in maimaita. Ina cikin maimaitawa matata ta leƙo daga ƙofa, ta daɗe tana kallonmu, sannan ta ce, "Malam, sauƙin abin dai a Barnawa muke, ba sai an ɗauki shatar mota ba." Wanda ba ɗan Kaduna ba ya sani: asibitin tarayya na masu taɓin hankali a unguwarmu yake, kuma a garin nan in aka ce a kai mutum Barnawa, ba ziyarar dangi ake nufi ba.

Shawararsa ta ƙarshe ita ce ta shige ni, don ta bi ta inda ba ni da kariya. Ya ce, "Ɗan Alhaji, in faɗa maka gaskiya? Ƙarfinka ne bai kai ba. Alhaji da hannu ɗaya zai kwance ta. Nemo fayif."

Ranar Asabar bayan la'asar na nemo fayif. Tsohon bututun ruwa ne na ƙarfe, ya ɗara mita ɗaya. Sifanar da nake aiki da ita ba ta wuce taƙi ɗaya ba, saboda haka in ka zura mata wannan bututu, duk abin da ka ja sai ya ninka sau biyar ko shida a kan ƙusar da ba ta kai kaurin ƙaramin yatsana ba. Wannan darasi ne da nake ba yara jarrabawa a kansa. Amma a lokacin mutane sun riga sun taru: yaran layi, mai shayin bakin kwana, mai gyaran takalmi, masu Keke biyu da suka tsaya shan inuwa, da Madam mai shago da ta fito da jaririnta a baya. Ni kuwa daga ni sai singileti da tsohon gajeren wandon ƙwallo. Na sa ƙanin matata ya zauna daram a kan injin don kada ya motsa. Na kulle noti biyu, na sa sifana, na zura bututu, na kafa duga-dugaina a ƙasa, na kama da hannu biyu, na jingina baya da dukan nauyina.

Bahon baƙin man nan da na ture gefe, wani ya matsar da shi inuwa. Inuwar kuwa daidai bayana take. Har yau ba a samu wanda ya amsa laifin ba.

Na ja. Shiru. Na ƙara ja, jijiyar wuyana ta miƙe. Sai na ji bututun ya taho. A hankali, ba gardama, ya biyo hannuna ɗan kaɗan. Wallahi rabon da in ji daɗi irin wannan tun ranar da aka ce an haifa mini ɗa. Na ɗaga kai na dubi jama'a na ce, "Ta motsa!" Mai shayi ya yi kabbara. Yara suka ɗauka. Madam ta tafa. Baba Injiniya ya miƙe tsaye, abin da bai yi ba tun da aka fara aikin, ya ɗaga hannun nan na dama ya ce, "Me na faɗa muku?"

Yanzu ga abin da duk bakanike ya sani. Ƙusar da za ta kwance takan yi ƙas, kwatsam, sannan ta riƙa kuka tana juyawa da ƙyar. Wadda ta taho maka shiru, da laushi, kamar alewar da ta sha rana, ba kwancewa take yi ba. Gindinta na nan a kafe, jikinta ne ke murɗewa. Ƙarfen ya wuce iyakar da yake miƙewa ya dawo, yana bankwana da kai. Wannan ma ina koyarwa, da waya da duwatsun awo, har in tsaya in ce wa yara, ku lura da wannan wuri, daga nan sai tsinkewa. A ranar, ana yi mini kabbara, laushin nan nasara na ji shi. Na gyara tsayuwa, na tofa yawu a tafin hannu, na ce wa ƙanin matata ya riƙe da kyau, na ja da duk abin da Allah ya hore mini.

Abubuwa huɗu suka faru a cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙusar ta ce ɗas. Wani ya yi sallama a bayana. Na yi ashar. Na zauna a baho.

Ashar ɗin ba ƙarami ba ne. Na ambaci uwar ƙusar, na haɗa da ubanta, na ƙetara har Faransa. Ban san ina da irin wannan ajiya a ciki ba. Mai sallamar kuwa surukina ne, mahaifin matata, ya zo ɗaurin aure daga Zariya ya ce bari ya biyo ya ga jikoki. Farar shadda, babbar riga, carbi a hannu. Mutumin da tun da na auri 'yarsa bai taɓa ganin gwiwata ba, bai taɓa jin na ɗaga murya ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba.

Duk shari'ar a kan tsarin abubuwan nan huɗu take, kuma tun ranar nake ta juya ta. Ni a nawa lissafin, ƙusa ta karye, ashar ya fita, sannan sallama ta zo, ta tarar da shi a hanya. In haka ne, tsakanina da ƙusa ne, dattijo ya shigo ne kawai a mugun lokaci. Mai gyaran takalmi yana goyon bayana, amma ina binsa kuɗi, shaidarsa ba ta da nauyi. Mai shayi ya ce a'a, sallama ce ta fara, har ya buɗe baki zai amsa sai na riga shi. Madam ta ce ita dai ta ji su tare, ɗaya a kan ɗaya. Ƙanin matata, wanda shi ne ke fuskantar hanya, wanda ya hango mahaifinsa tun daga bakin kwana bai ce mini uffan ba, ya fi kowa tabbaci. In ya tashi ba da labarin sai ya yi murya biyu: ya yi sallamar Baba a natse, ya ɗan dakata, sannan ya kawo nawa a matsayin amsa. Dakatawar nan ita ce ƙaryar. Babu dakatawa. Ya ƙirƙire ta ne don ta fi daɗin ji, kuma kullum tana ƙara tsawo.

Faɗuwar ita kanta ba ta da sauri yadda ake zato. Na tuna na ga bututun ya tashi sama da sifana a bakinsa, noti biyun na nan a kulle da guntun ƙusar a ciki, aikin da na yi da kyau. Na tuna na ga ganyen mangwaro. Na tuna na yi tunanin cewa bayana ƙasa ce, ba komai. Sai na ji sanyi. Baƙin mai mai haɗe da ruwa, wanda ya kwana ya kwana a baho, yana da wani irin sanyi da kauri, kuma ba ya fantsama nan take. Sai ka nutse tukuna, sannan ya taso ta gefe, ya bi ta ƙafar wando, ya haura baya. Bahon ya karɓe ni daidai wa daida. Gwiwoyina suka zo wajen haɓa, ƙafafuna suka rabu da ƙasa, silifas ɗaya ya tafi nasa wuri.

Wurin ya yi tsit. Jaririn Madam ne kaɗai ya yi dariya, shi ba ruwansa da surukuta.

To, ya ake gaida suruki? A tsugune. Ni kuwa na riga na wuce tsuguno. Na yi ƙoƙarin tashi, baho ya taso tare da ni, na koma. Sai na haɗa hannuwa biyu, baƙi ƙirin, na sunkuyar da kai iyakar yadda gwiwa ta bari.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa, sannu Malam."

"An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya su Inna?"

"Suna gaishe ku."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya. Ya aiki?"

"Da godiya, Baba."

Ba mu tsallake ko ɗaya ba. Duk wannan yana yi ne yana kallon saman mangwaro, da irin natsuwar wanda ya zo sayen itacen. A gaban rigarsa, daga aljihu zuwa ƙasa, akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jere. Ya gan su, na ga ya gan su, ya matsar da carbi ya rufe na saman.

Dattijon kirki ne. Don ya ba ni damar fita daga baho ba tare da idonsa a kaina ba, sai ya juya ya ba Baba Injiniya hannu, suka gaisa, ya shiga jansa da hira. Masu Keke biyu suka zo, ɗaya ya riƙe baho ɗaya ya kama hannuwana. Ana cikin ja ina jin hirar.

"Ai na san za ta karye," in ji Baba Injiniya. "Tun da na ji ta yi shiru. Fayif ɗin ya yi tsawo. Yaran yanzu ba sa jin magana."

"Allah Sarki. An ce Malam a Kakuri ya yi aiki?"

"Tun 1975. Babu motar da ta fita ba ta bi ta hannun nan ba."

"Ma sha Allah. A wane sashe?"

"Ƙofa."

"Na'am?"

"Babbar ƙofa. Ni ke ɗaga ƙarfen su wuce."

Daidai nan baho ya sake ni, da wata ƙara da ba zan kwatanta ba.

Ban ce ya yi ƙarya ba. Na bi maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, ban sami inda ya ce ya taɓa riƙe sifana ba. Mu muka ce masa Injiniya, shi kuwa bai ga dalilin ɓata wa unguwa rai ba.

Na zaga ta bayan gida na shiga banɗaki da omo da toka. Ina ciki ina jin matata tana kai wa mahaifinta ruwa, kofin na karkarwa a kan faranti. Ta ce tari ne ya sarƙe ta. Ban fito ba sai da na tabbatar ya yi magariba ya kama hanya. Ya bar mini saƙo biyu a wurinta. Na farko, wai Malam yana da ƙoƙari. Na biyu a cikin ambulan yake, wai a kai wa bakanike.

Ƙusar ta karye daidai da fuskar alminiyom, ba abin kamawa. Baba Injiniya ya ce a huda ta da diril a cusa mata wata ƙusar, ya kuma ce a fara sayo Coca-Cola. Na naɗe kan injin a buhu na sa a Keke, muka haye gada zuwa Panteka, can wajen Kaduna Polytechnic, inda in ka kai ƙarfe ko wane iri ne akwai wanda ya taɓa ganin irinsa. Wani yaro mai walda, wanda bai fi ɗalibaina na aji shida ba, ya duba, bai tambaye ni komai ba. Ya ɗora washa a kan guntun, ya ɗiga walda ta tsakiya ta kama ƙusar, ya ɗora noti a kan washar ya cika cikinsa da walda. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom, zafinta kuma yana ratsa ƙusar ya farfasa farin garin da ya shaƙe ta. Ya bar ta ta huce yana cin gyaɗa. Sannan ya sa ƙaramar sifana, ba fayif, ya ɗan yi gaba, ya ɗan yi baya, gaba, baya. Ƙas. Ta fito tana kuka, ta hagu.

Na sa hannu a aljihu zan biya, sai maigidansa ya ce a miƙo masa kan. Ya kifa shi, ya goge cikinsa da fetur, ya karkata shi wajen rana, ya kira ni da yatsa. Wani siririn layi ya tashi daga mazaunin bawul ya nufi ramin fulogi. Ya ce tun ranar da ta yi zafi a hanya kan ya tsage, ko na sa masa sabon fakin da sababbin ƙusoshi, aikin banza ne. Ya tambaye ni wa ya buɗe mini injin bai duba wannan ba tun farko. Na ce wani ne a unguwarmu.

Masu zubin tukwane na nan cikin kasuwar suka saye shi a kilo. Kuɗin ya biya mai walda da Keke, ya rage na sabulu.

Motar tana gindin mangwaro a buɗe, na rufe injin da buhu. Baba Injiniya ya ce kada in yarda da mutanen Panteka, tsagewar nan da sabulun salo da siminti ake toshe ta, da na tambaye shi da ban yi asara ba. Duk mai tof silindar 504 mai lafiya na sayarwa, ya neme ni a Barnawa. Ya tambayi yara gidan Ta Motsa, za su kawo shi har ƙofa. Ya zo da safe, kafin a fito da kujerar roba.